Gayaunar Ɗalibi: Gyaran Koyar da Noma a Makarantunmu

  

An nemi in yi magana a kan koyar da noma ga yaran firamare da sakandare. Zan fara da abin da kowa a ɗakin nan ya sani, ko da ba a cika faɗinsa a gaban jama'a ba. A yawancin makarantunmu noma iri biyu ne: na kan allo da na horo. Na kan allo shi ne malam ya zana fartanya da alli, ɗan manomi da ya baro fartanya uku a zauren gidansu ya kwafe zanen a littafi, ya haddace sunan masara da Latin, ya ci darasin agirik a jarrabawar WAEC ko NECO, alhali bai taɓa auna tazarar shuka da hannunsa ba. Na horo kuwa shi ne wanda ya makara, ko ya yi surutu a aji, a miƙa masa fartanya a ce ya je ya nome bayan ofishin hedimasta. A makarantar da na yi, mu ne muka yi huɗa, muka yi firi, muka yi maimai. Da kaka ta yi, sai mota ta zo ta kwashe masarar, aka rarraba a gidajen manya. Ba wanda ya tara mu ya ce buhu kaza aka samu, ko kuɗi kaza aka kashe.

Yaron da ya tashi a haka ya ɗauki darasi, kuma ya riƙe shi da kyau: fartanya ta mai laifi ce, amfanin gona kuma na mai iko ne. Idan ya girma ya tattara ya tafi birni yin acaɓa ko turin ruwa, sai mu zauna a majalisa muna cewa 'yan zamani ba sa son wahala. Mu muka koya masa gudun gona, a wurin da muka kai shi neman ilimi.

Gwamnatoci ba su yi shiru a kan lamarin ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umarci makarantu su buɗe gonaki, har aka riƙa tura ɗaliban manyan makarantu aikin gona a dogon hutu. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na bunƙasa noma. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, an sa noma cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare. A 2011 kuma aka ƙara darussan sana'a a babbar sakandare, ciki har da kiwon dabbobi da kiwon kifi. Kenan a takarda ba abin da aka rage. Manhaja tana nan, jarrabawa tana nan, wasu makarantun har filin yana nan. Abin da ya ɓace shi ne dalilin da zai sa yaro ya ji gonar tasa ce, kuma a kan wannan nake son mu tsaya yau.

Iyayenmu sun warware wannan matsala tun kafin zuwan boko. Ku tuna yadda ake renon manomi a gidan Bahaushe. Yaro yakan fara da kai fura gona da korar tsuntsaye. Daga nan sai ya bi bayan mai saran shuka yana zuba iri yana rufewa da dunduniya. Sai a sa maƙeri ya ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, ya shiga layin yayyensa a gandu. Idan ya fara hankali, maigida ya yanka masa gayauna. Da safe yana aikin gandu tare da kowa, abin da aka samu na rumbun gida ne. Da yamma ya wuce gayaunarsa, inda shi zai zaɓi abin da zai shuka, gyaɗa ce ko wake ko riɗi, kuma abin da ya girbe nasa ne, ya sayar ya ɗinka rigar salla ko ya sayi ɗan akuya. Ba a tura yaro gayauna da bulala, ƙafarsa ce take kai shi. Yarinya ita ma akan ba ta kaza ko 'yar akuya a ce taki ce, ta kula da ita har ta hayayyafa, wata ma da abin za a rage mata kayan ɗaki. Sannan al'umma ta ɗora wa aikin daraja. Akwai gayya, akwai kiɗan noma, akwai sarautar Sarkin Noma ga wanda ya nuna bajinta har ya tara dami dubu. Yaro yana kallon wannan duka yana burin ya kai can.

To amma wannan tarbiyya tana da iyaka, domin uba ba ya ba da abin da ba shi da shi. A 2016 wata baƙuwar tsutsa mai cin masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta ɓulla a Nijeriya, kuma ba wani dattijo da ya gaji maganinta. A shekarar 2016 ɗin dai ƙwaron tumatir da manoman Kano ke kira sharon ya cinye gonaki a Kadawa da sauran wurare, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Damina ta daina zuwa a kan lissafin da aka saba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ne suka raba ta, ba sauran filin da za a bari ya huta. A ɗaya gefen kuma, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta faro tun 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake da gyaɗa masu saurin nuna da jure cuta. Ilimin yana Samaru, gonakin suna ƙauye, malamin gona ɗaya kuma yana fama da dubban manoma. Wace hukuma ce take da ɗaki da ma'aikaci a kusan kowane gari, kuma kowane gida yake aiko mata da wakili kullum safiya? Makarantar firamare ce kaɗai.

Wasu sun riga mu gane wannan. Sama da shekara ɗari da suka wuce, jami'an gona a Amurka suna kuka irin namu: manya ba sa sauraron sabuwar dabara, matasa kuma suna gudu birni. A 1902 wani jami'in ilimi a jihar Ohayo, A. B. Graham, ya tara yara maza da mata bayan tashi daga makaranta, ya sa su gwada ƙasar gonakin gidajensu da takardar gwajin tsami, su zaɓi irin masara su shuka a ɗan filinsu. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka yaɗu. A kudancin ƙasar akan ce wa uba ya ba ɗansa eka ɗaya, yaro ya noma ta bisa shawarar malamin gona, ya rubuta duk abin da ya kashe, amfanin kuma nasa ne. A 1910 wani yaro mai suna Jerry Moore a jihar Karolaina ta Kudu ya girbe masara kusan tan 6 a eka ɗaya tak, wato abin da ya kai buhu 58 na kilo 100. Gaskiya ne gasa ce, kuma ya zuba taki ba na wasa ba, amma matsakaicin abin da manoman jihar ke samu a lokacin bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Uban da ya ƙi jin jami'in gwamnati ba shi da yadda zai yi ya ƙi ganin gonar ɗansa, tunda tana jikin tasa. A shekarar dai wata malama, Marie Cromer, ta kafa wa 'yan mata ƙungiyar tumatir a wannan jihar, kowace ta noma kashi ɗaya cikin goma na eka, ta adana tumatirin a gwangwani ta sayar. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne ƙungiyar matasa ta 4-H ta samo asali. A 1917 majalisar Amurka ta yi dokar ba da kuɗin koyar da noma a sakandare, ta kuma shardanta cewa ɗalibi sai ya yi aikin gona na zahiri a ƙarƙashin kulawar malami na aƙalla wata shida a shekara. A 1928 aka kafa ƙungiyar manoman gobe ta FFA, wadda har yau take aiki. Idan kuka cire sunayen, abin da suka yi shi ne gayauna, sai dai sun haɗa ta da malami da ma'auni da littafin lissafi.

Akwai kuma darasi daga kusa. A 1967 Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya fitar da manufar ilimi don dogaro da kai, ya ce kowace makaranta ta zama tana da gona, ɗalibai kuma su shiga cikin shawarar abin da za a shuka da yadda za a kashe abin da aka samu. Niyya ce mai kyau daga shugaban da shi kansa malami ne. Amma a makarantu da yawa sai aka ɗauki aikin aka bar shawarar. Malamai suka riƙe lissafi, yara suka zama leburori, jarrabawar takarda kuma ta ci gaba da zama ita ce mai yanke makomar yaro. Iyaye suka fara ganin ana ɓata wa 'ya'yansu lokaci. Ina ambaton wannan ne don kada mu tashi daga nan kowane hedimasta ya je ya buɗe hekta biyar ya zuba yara a ciki, ya ce ya aiwatar da lacca.

Gonar makaranta ba ta bukatar girma. Aikinta amsa tambaya, saboda haka ɗan fili ya isa, a raba shi ƙanana, kowane rukuni na yara huɗu ko biyar da nasu, da alama ɗauke da sunayensu. Bari in nuna muku irin darasin da nake nufi.

Mako biyu kafin shuka, malama ta ce kowane rukuni ya kawo irin masara ko wake daga gida, ita kuma ta kawo ingantaccen iri. Yara su ƙirga ƙwaya 100 daidai, ba zaɓe, su jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙen tsumma, su naɗe, su ajiye a inuwa a kusurwar aji. Kullum da safe mai aikin ranar ya yayyafa ruwa. Bayan mako guda a warware. Za ku ga kawuna sun haɗu a kan tsumman, ana ƙirga fararen saiwoyi da ɗan yatsa, wannan rukuni ya ce namu 92, wancan ya ce namu 55, ga wasu ƙwayoyin sun yi funfuna, ga wasu da ramin ƙwaro a jikinsu. A wannan zama ɗaya yaro ya fahimci kashi cikin ɗari fiye da yadda alli zai koya masa a zango guda. Kuma yarinyar da irin gidansu ya ba da 55 za ta koma ta ce, “Baba, irin nan namu rabi ne zai fito.” Ta ceci gidansu daga asarar shukar farko, ba a kashe ko sisi ba.

Haka lissafin tazara. Manomanmu da yawa sun san shukar da shirin Sasakawa ya yaɗa tun shigowarsa Nijeriya a 1992: ƙwaya ɗaya a rami, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. A ba yara igiya su ɗaura ƙulli a kowane santimita 25, su shuka da ita, sannan a koma aji a tambaye su: hekta murabba'in mita 10,000 ce, tushe nawa za ta ɗauka? Su buga da kansu su samu sama da 53,000. A kai su ga buhun taki su karanta abin da ke jikinsa. Kamfa mai lamba 15-15-15, buhun kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na sinadarin naitirojin, yuriya kuma mai lamba 46 tana ɗauke da kilo 23. Yaron da ya yi wannan lissafi ya san abin da yake saya, ya kuma san me ya sa ake fara sa kamfa a biyo da yuriya, a kuma rufe ta da ƙasa kada ta bi iska. A shuka kunya uku jere: ɗaya ba taki, ɗaya takin gargajiya, ɗaya takin gargajiya da ɗan na zamani cikin murfin kwalbar lemo a gindin kowace shuka, dabarar da masu bincike na cibiyar ICRISAT suka gwada da manoman gero a Nijar. Duk ranar Alhamis a auna tsawo da rula a rubuta. Da kaka a auna da kwano. Ba sai malam ya ce komai ba.

Sai maganar feshi, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Yaranmu ne ake goya wa tankin feshi a gonakin iyayensu, ba safar hannu, ba takunkumi, wani da hannu yake dama maganin, a wanke jarkar kuma a zuba ruwan sha. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Waken da suka ƙi, mu muke cin ɗan'uwansa a ƙosai da alale. Kada a ba ƙaramin yaro magani a makaranta, ko kusa. Abin da za a koya masa shi ne karanta gargaɗin da ke jikin kwalba, da sanin kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi, da duba gona kafin a yi feshin. Ya buɗe kan masara da sassafe ya ga ganyen da aka huhhuje da kashin tsutsa a tsakiya, ya ƙirga tushe nawa cikin ashirin suka kamu. A kuma nuna masa ajiya ba magani. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Idan aka zuba busasshen wake aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron zai rasa numfashi ya mutu. A ɗaure ɗaya a aji a watan Nuwamba, a ajiye wani waken a buhu na yau da kullum kusa da shi, a gayyato iyaye mata ranar buɗewa a watan Afrilu.

Kada kuma yara su ɗauka duk ilimi daga waje yake zuwa. A gayyato dattijon manomi ya tsaya da su a gindin gawo ya bayyana musu dalilin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa: itace ne da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A ba su labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun daga wajen 1983 suka koma barin kututturen itace ya toho a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 ba tare da dashe ba. A nuna musu wuta-wuta a gonar dawa, a ce su cire ta kafin ta yi fure, a kuma gaya musu dalilin da ya sa kakanni suke haɗa gero da wake a gona ɗaya. Ranar da dattijo ya shigo aji aka kira shi malam, darajar noma ta ƙaru a idon jikokinsa.

Yanzu ga wurin da abin yakan lalace, wato kuɗi. Kowane rukuni ya riƙe littafinsa: iri na nawa, taki na nawa, kwano nawa aka samu, nawa aka sayar. A zaɓi ma'aji daga cikin yaran. A manna lissafin a allon sanarwa inda kowa zai gani. A yi yarjejeniya tun kafin shuka cewa kaso kaza zai koma jarin baɗi, sauran kuma na waɗanda suka yi aikin ne, su raba ko su kai gida. Malam hedimasta, Allah ya ba ka haƙuri, ko zangarniya ɗaya kada ta shiga gidanka sai ka biya kuɗinta a gaban yaran. Sannan a haramta horo da fartanya kwata-kwata. Wanda ya yi laifi a hore shi ta wata hanya. In ma za a haɗa gona da horo, to horon ya zama hana shi shiga gonar rukuninsu na mako guda.

Gonar makaranta share fage ce. Daga aji biyar na firamare zuwa sama, kowane ɗalibi ya samu abin kansa a gida: kunya goma a gefen gonar uba, ko kaji uku, ko zogale a bayan ɗaki, ko alayyahu da tattasai a cikin buhunan ƙasa ga 'yan birni da ba su da fili. Malami ya kai ziyara ya gani, ya duba littafi, ya ba da maki, makin kuma ya shiga sakamakon zango da nauyin gaske. Abin da ba ya cikin maki, yara da iyaye ba sa ɗaukarsa da muhimmanci, kuma ba laifinsu ba ne.

'Yan mata kada a ce su tsaya shara da ɗebo ruwa. A ƙasar nan kiwon awaki da kaji, da matsar man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da awara, da daddawa, duk a hannun mata suke. Yarinyar da ta san lokacin rigakafin kaji kafin sanyin hunturu, ta san gyaɗar da ta yi funfuna guba ce ga hanta, ta kuma iya lissafin riba da uwar kuɗi, ta tafi gidan aure da sana'a a hannu. Haka tsangayu, waɗanda dama almajiransu sun saba noma da damina, su ma a kai musu iri da shawara, kada a tsallake su.

Na san abin da ke ran shugabannin makarantu, kuma damuwarku gaskiya ce. Dogon hutu yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da gona ta fi bukatar hannu. A makarantar jeka-ka-dawo yaran suna cikin gari, sai a tsara musu zuwa bi da bi, kuma tunda amfanin nasu ne za su zo. A ta kwana a zaɓi abin da ke nuna da wuri, ko a karkata ga lambun rani inda akwai rijiya ko famfon burtsatse. Alayyahu wata ɗaya ya ishe shi. Awakin gari kuma aikin mai unguwa ne da ƙungiyar iyaye da malamai, gayyar yini ɗaya ta isa a yi shinge, a bi shi da dashen zogale. Filayen makarantu da aka yanka aka yi shaguna da gidaje, wannan kuka ne da muke miƙawa ga iyayenmu sarakuna da hukumar ilimi, domin abin da ya rage ma ana zawarcinsa. Batun tsaro kuwa ba a wasa da shi. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, ba wanda zai ce a kai yara gona a bayan gari. Komai ya tsaya cikin harabar makaranta da cikin gida.

Malamin ma yana bukatar a koya masa. Da yawa an horar da su ne a kan allo, su ma ba a taɓa sa su gwada iri ba. Maganin yana kusa: malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiha ya riƙa leƙa makarantar da ke yankinsa, kwalejojin aikin gona irin ta Audu Bako da ke Dambatta su buɗe wa malamai bita a lokacin hutu, cibiyar NAERLS ta Zariya kuma dama aikinta ne isar da sakamakon bincike ga manoma.

Akwai uban da zai ce, “Ni na kai ɗana boko ne don ya huta da fartanya, ya zama likita.” Baba, burinka mai kyau ne, kuma ba wanda zai tare masa hanya. Yaron da ya koyi aunawa da kwatantawa da rubuta abin da ya gani, ya riga ya fara koyon kimiyyar da likita ke aiki da ita. Amma mu dubi ajin da yake ciki. Yara tamanin ne ko ɗari, nawa ne za su samu aikin albashi? Mafi yawansu gona da kiwo da kasuwar hatsi ne za su riƙe su, ko sun so ko ba su so ba. Zaɓin da ke gabanmu shi ne su koma gona da ilimi da sha'awa, ko su koma da jin cewa sun faɗi. Waɗanda kuma za su zama kansiloli da kwamishinoni da manajojin banki, gara su hau kujerar sun san kwana nawa yuriya za ta makara kafin ta tashi daga amfani.

Saboda haka ga roƙona. Shugabannin makarantu, kafin ruwan farko ya sauka, ku auna ɗan fili ku raba wa yara, ku soke horon fartanya a gaban asambuli. Malamai, ku fara da tsumma da ƙwaya 100 a makon nan, ba ya bukatar takarda daga ofis. Malaman gona, kowa ya ɗauki makaranta ɗaya. Iyayenmu sarakuna, ku tsare mana filayen, kuma da kaka ku zo da kanku ku miƙa kyauta ga yaron da yarinyar da suka fi, a gaban jama'ar gari. Iyaye kuma, bana kowa ya yanka wa ɗansa da 'yarsa gayauna, ya bar musu abin da suka girbe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a.